Ribar da na ci daga kuɗin Goggo

Na daɗe ina lissafa kaina cikin waɗanda aka damfara. Duk majalisar da aka tayar da zancen kamfanin nan da ya rufe ofis da kuɗin jama'a a garinmu, nakan gyara zama in ce ni ma naira dubu 200 tawa ta bi ruwa, a jajanta mini, a yi mini addu'ar Allah Ya mayar da alheri, ni kuma in amsa da amin cikin muryar wanda aka zalunta. Na yi kusan shekara guda ina wannan kuka. Sai wani dare, ina neman takardar haihuwar ɗana a cikin akwati, na ci karo da rasiɗan kamfanin ɗaure da roba, na zauna a bakin gado na tara abin da ke cikinsu a bayan wani tsohon ambulan. Abin da ambulan ɗin ya nuna mini shi ne dalilin wannan rubutu.

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin irinsa suna da yawa kuma suna ne kawai ke bambanta su. A farkon 2018 aka buɗe shi a saman wani bene kusa da tashar mota. Sana'ar da suka ce suna yi ita ce sayen riɗi da zoɓo da citta a hannun manoma, su fitar zuwa ƙasashen waje. Wanda ya zuba jari zai riƙa karɓar kashi 20 cikin 100 na kuɗinsa duk wata, uwar kuɗin tana nan daram, kuma bayan wata shida yana da damar cire ta idan ya ga dama. Wanda ya kawo wani kuma yana da la'adar kashi 10 cikin 100 na abin da baƙon ya zuba. A cikin ofishin akwai na'urar sanyaya ɗaki, da samari huɗu masu riguna iri ɗaya, da takardar rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista a cikin gilashi a jikin bango, sai kuma buhu uku na riɗi a wata kusurwa, an kwance bakin ɗaya domin duk wanda ya shigo ya damƙa ya ji a hannunsa. Manajan mutum ne mai sanyin murya, da an kira salla yakan rufe littafi ya ce a je a dawo. Ban taɓa jin kalmar kuɗin ruwa a bakinsa ba. Kullum rabon riba yake cewa.

Abin kunyar shi ne, ni ina cikin waɗanda suka fi kowa yi wa 'yan MMM dariya. Wannan tsari na wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, wanda tun a 1994 ya durƙusar da miliyoyin mutane a ƙasarsa, ya shigo Najeriya da alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, yana kiran zuba kuɗi da sunan ba da taimako, cire kuɗi kuma da sunan karɓar taimako. A watan Disamba na 2016, ana dab da Kirsimeti, aka rufe asusun kowa, daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa na sha cewa duk wanda ya tura kuɗinsa ga abin da ba shi da shago, ba shi da haja, ba shi da fuskar da za a riƙe, shi ya saya wa kansa. Da namu ya zo da shago da haja da fuska, sai na ga ai duk sharuɗɗan da na gindaya sun cika. Ashe ni da kaina na faɗa wa maɗamfari irin rigar da zai sa ya shigo gidana.

Wani abokin aikina ne ya fara nuna mini alat a wayarsa, wata uku a jere, kowanne a ranarsa. A watan Maris na kwashe ɗan abin da na tara na kai, naira dubu 200. Ranar da wata ya cika, kafin azahar, dubu 40 ta shigo, alhali albashin gwamnati bai ma ɗauko hanya ba. Haka aka yi a Afrilu, da Mayu, da Yuni, har zuwa Oktoba, sau bakwai ba fashi. A watan Satumba wa'adina na wata shida ya cika, ɗaya daga cikin samarin nan ya tambaye ni cikin ladabi ko zan cire uwar kuɗin, na yi dariya na ce wa ke yanka kazar da ke yi masa ƙwai. Har yau ina jin muryata tana faɗin wannan magana.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ba ta kiran sunana saboda sunan mahaifinta aka sa mini, Babana take ce mini. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa tun ina yaro, kuma tun rasuwar mijinta da wannan sana'a ta riƙe gida. A wannan shekarar tana tara kuɗin kayan ɗakin autarta, wadda aka sa bikinta bayan kaka. Ba ita ta nemi in kai ta ba. Ni na je gaishe ta, na tarar tana ƙorafin tsadar gado da katifa da kujeru, na ciro waya na nuna mata alat ɗin nan kamar yadda aka nuna mini. Goggo ba ta karanta boko, saboda haka ba lambobin ta kalla ba, fuskata ta kalla. Ta ce, "Babana, kai ka ga kuɗin nan da idonka, ka taɓa su da hannunka?" Na ce, "Wallahi Goggo, wata shida ke nan ina karɓa." Ban yi mata ƙarya ba, kuma wannan shi ne muni a cikin lamarin.

Bayan mako guda ta aiko a kira ni. Ta sayar da san da ta yi wata tara tana turka, ta haɗa da kwasar adashinta, ta ɗaure kuɗin a baƙar leda ta cusa cikin tsohon gwangwanin madara. Da ta zazzage su a kan tabarma, akwai 'yan dubu-dubu sababbi na mahauci, akwai kuma 'yan ɗari biyu-biyu masu laushi da ƙanshin man gyaɗa. Muka ƙirga sau biyu, naira dubu 300 cif. Na kai ofis aka rubuta rasit da sunanta, aka buga hatimi, kafin in sauko daga benen la'adata ta dubu 30 ta shigo wayata. Ban faɗa mata zancen la'adar ba. A lokacin ban ɗauke shi ɓoyo ba, na ɗauka haƙƙin wahalata ne.

Sau ɗaya Goggo ta karɓi riba, dubu 60 a watan Oktoba. Da Nuwamba ta kama, aka turo saƙo a zauren WhatsApp na masu jari cewa an riƙe kwantenonin kamfani a tashar jiragen ruwa ta Legas, a yi haƙurin mako biyu. Da mako biyun ya cika, aka ce banki ne ya rufe asusu saboda yawan kuɗin da ke shiga. Waɗanda suka fara ɗaga murya a zauren aka kira su 'yan hassada masu son rusa abin alheri, aka cire su ɗaya bayan ɗaya, kuma ni da yatsana na rubuta cewa mu daina gaggawa, mutanen nan ba su taɓa saɓa mana alƙawari ba. Daga nan aka kulle zauren, sai shugabanni kaɗai ke iya magana, su ma suka yi shiru. Ranar da na je ofishin na tarar da kwaɗon mai gida a ƙofa, shi ma yana bin su kuɗin haya, mata kuma zaune a kan matattakalar bene tun daga sama har ƙasa, kowacce da rasit a hannu, wasu da goyo. Ta taga ana hango buhunan nan uku a inda suke tun ranar farko. Su ne iyakar riɗin da wani daga cikinmu ya taɓa gani.

Yadda abin yake aiki ba ya buƙatar ilimin tattalin arziki, lissafin ɗan aji uku ya isa. A ce mutum 100 sun zuba dubu 100 kowannensu, an tara naira miliyan 10 ke nan. Ƙarshen wata sai mai kamfani ya ɗebi miliyan 2 daga cikin kuɗin nan nasu ya raba musu, ya ce riba ce. Bai sayi komai ba, bai sayar da komai ba, kuɗinsu ya mayar musu da sabon suna. Idan babu wanda ya ƙara shigowa, ko da bai saci ko kwabo ba, a wata na biyar tukunya ta ƙare. Amma wani zai shigo, domin mutum ɗarin nan sun koma gida da alat a waya, kowannensu yana da ƙane da suruki da maƙwabci. Kuɗin sababbi shi ke biyan tsofaffi, kuma da yake kowane sabo shi ma ya zama bakin da za a ciyar a wata mai zuwa, dole ne masu shigowa su riƙa ninkuwa ba tsayawa. Gari kuwa yana da iyaka, masu rarar kuɗi a cikinsa sun fi iyaka. Ranar da abin da ke fita ya rinjayi abin da ke shigowa, ranar ake riƙe kwantena a Legas.

Shi ya sa faɗuwar takan zo a lokacin da jama'a suka fi buƙatar kuɗinsu a hannu. Namu ya faɗi da kaka, lokacin da masu sayen hatsi su ajiye da masu aurar da 'ya'ya suka taso neman uwar kuɗi a tare, wato daidai lokacin da kamfanin riɗi na gaskiya ya kamata ya fi kowane lokaci samun aiki. MMM ta rufe ana shirin bukukuwan ƙarshen shekara. Bernard Madoff na Amurka, wanda ya yi shekaru da dama yana wannan rufa-rufa a birnin New York, asirinsa ya tonu ne a Disamban 2008, da tattalin arzikin duniya ya girgiza masu jari suka nemi cire kimanin dala biliyan 7 a lokaci guda, shi kuwa ba shi da su.

Turawa suna kiran wannan damfara da sunan Charles Ponzi, wani ɗan Italiya da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ko da yake ba shi ya ƙago ta ba. A 1920, a birnin Boston, ya yi alƙawarin kashi 50 cikin 100 cikin kwana 45, ko ninki cikin kwana 90. Nasa riɗin wata takarda ce ta gidan waya, wadda ake saya a wata ƙasa a musanya ta da kan sarki a wata ƙasar. Ya ce yana sayen ta da araha a Turai, inda darajar kuɗi ta faɗi bayan yaƙin duniya na farko, ya canza ta da tsada a Amurka. A takarda dabarar tana da ma'ana, kuma nan ne ƙarfinta yake, domin ƙaryar da ta jingina da gaskiya ta fi wuyar turewa. Wani masanin harkar kuɗi mai suna Clarence Barron ne ya yi tambaya mai sauƙi, ya lissafa cewa kafin kuɗin da Ponzi ya tara su zama na wannan ciniki sai an sami takardun nan kimanin miliyan 160 suna yawo, alhali waɗanda ke yawo ba su wuce dubu 27 ba. A watan Agusta na wannan shekarar komai ya rushe. Ponzi ya sha ɗauri, aka kora shi Italiya a 1934, ya mutu a matalauci a Brazil a 1949.

Ni ma an yi mini irin tambayar Barron, ban dai saurara ba. Wani dattijo a unguwarmu da ya tsufa a cinikin hatsi, mai kai kaya kasuwar Dawanau tun kafin a haife ni, na taɓa kwaɗaita masa abin a ƙofar masallaci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, riɗi da kaka yake zuwa. Mu da muke saye mu ajiye, wata shekara mu samu, wata shekara farashi ya karye mu tashi da asara. Wane irin riɗi ne wannan da yake haihuwa duk wata, har da tsakiyar damina?" Na ce a raina tsoho ne bai san kasuwar zamani ba. Da na tsaya na buga lissafi a lokacin, da na ga cewa naira dubu 100 da ake ƙara mata kashi 20 cikin 100 duk wata, ana barin riba tana hawa kan uwa, za ta kusa dubu 900 a shekara guda, a shekara biyar kuma ta haura naira biliyan 5. Wanda yake da sana'ar da ke yin haka ba ya buƙatar gwangwanin madarar Goggo. Bankuna ne za su yi layi a ƙofarsa suna roƙon ya karɓi bashi.

Akwai waɗanda har yanzu suke cewa ai abin kamar adashi ne, kuɗin wani ake ba wani. Wannan magana ta fi ba ni haushi fiye da kowace, domin cin mutuncin adashi ne. A adashi kowa ya san adadin masu zubi, ya san uwar adashi da gidanta, ya san ranar kwasarsa, kuma ya san cewa abin da ya zuba shi zai kwasa, ba ƙari. Adashi bai taɓa cewa kuɗi na haihuwa ba. Mutum na ƙarshe a layi yana kwasar daidai da na farko. A wannan damfara kuwa an gina abin ne tun daga tushe a kan cewa na ƙarshe ba zai sami komai ba, kuma na ƙarshen su ne suka fi yawa, tunda kullum masu shigowa ƙaruwa suke yi har ranar da aka rufe ƙofa.

Rigar addini da ake sa wa abin a wurinmu ita ma tana buƙatar a tsaya a kanta. Mutanenmu da yawa suna ƙyamar ajiya mai kuɗin ruwa, kuma maɗamfari ya san haka sarai, shi ya sa yake cewa rabon riba, ko ya ambaci mudaraba. Amma mudaraba, wadda littattafan Malikiyya ke kira ƙiradi, sharaɗinta a bayyane yake: ana yanka wa mai jari kaso ne daga ribar da aka samu, rabi ko sulusi ko abin da aka yi yarjejeniya, ba kaso daga uwar kuɗi ba, kuma idan aka yi asara ba tare da sakaci ba, a kan dukiyar mai jari take faɗawa. Duk wanda ya lamunce maka cewa uwar kuɗinka ba za ta taɓu ba, kuma ga adadi tsayayye duk wata ko an samu ko ba a samu ba, ya fita daga ƙiradi tun kafin a zo maganar ko yana da haja ko ba shi da ita. Mun guje wa banki don tsoron kuɗin ruwa, muka faɗa wa abin da ya haɗa siffar kuɗin ruwa da sata. Ba mu kaɗai ba ne. A Masar, kamfanonin juya kuɗi irin su Al-Rayan sun tara dukiyar jama'a da sunan kasuwancin Musulunci a shekarun 1980, da gwamnati ta kafa dokar sa musu ido a 1988 kuɗin mutane masu ɗimbin yawa suka maƙale. A El Fasher ta yankin Darfur a Sudan an yi kasuwar da aka laƙaba wa suna Suƙ al-Mawasir, inda ake sayen motarka ko kayanka a farashin da ya fi na kasuwa, a ba ka cekin banki mai kwanan wata na gaba, a juya a sayar da kayan da araha a biya waɗanda cekinsu ya nuna. Da ta rushe a 2010 an yi zanga-zanga har aka rasa rayuka.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Manajan nan mai sanyin murya bai taɓa ganin Goggo ba, kuma da shi ne ya je zaurenta da bakinsa, da ko ruwa ba zai sha ba za ta sallame shi, domin mace ce da ko bashin ƙuli-ƙulin naira 50 ba ta mantawa. Ni ne na buɗe masa ƙofa. Jarin gaskiya na irin wannan kamfani shi ne amanar da ke tsakanin dangi da abokai da almajiran malami ɗaya, wadda aka yi shekaru ana ginawa, shi kuma ya saye ta a kashi 10 cikin 100. Madoff ma haka ya yi. Mutum ne da ya taɓa shugabantar kasuwar hannayen jari ta Nasdaq, kuma da yawan waɗanda ya cinye 'yan'uwansa Yahudawa ne da ƙungiyoyinsu na agaji, waɗanda suka miƙa masa dukiya saboda na gida ne. Shi bai ma yi alƙawarin ninki ba, riba madaidaiciya yake nunawa, wadda ba ta faɗuwa ko kasuwa ta faɗi. Wani mai binciken kuɗi, Harry Markopolos, ya fara kai ƙorafinsa ga hukuma tun a 2000, ba a ɗauki mataki ba. Da aka kama shi, takardun masu jari suna nuna kusan dala biliyan 65 da babu su, aka yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009, ya mutu a kurkuku a 2021.

Idan irin wannan ta faru, abin da ake saurin cewa shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala. A kaina na yarda, kwaɗayi ne, tunda ina da albashi kuma an yi mini gargaɗi. Amma matan da na gani a kan matattakalar nan ba neman mota suke ba. Mai kuɗin haya ce, da mai kuɗin makarantar yara, da mai gudun kada kuɗin gado su narke a hannunta. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, wanda ya ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa yana kallon su suna raguwa ne ba tare da ɓarawo ya shigo ba, kuma wannan tsoron shi maɗamfari yake shiga ta cikinsa. Shi ya sa abin ba ya ƙarewa. A watan Afrilu na 2025 manhajar CBEX, wadda ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan cinikin kuɗin intanet, ta rufe da dukiyar jama'a, fusatattu suka wawashe ofishinta a Ibadan, sannan aka ce wa masu jari su sake biyan dala 100 ko 200 na tantancewa kafin su cire kuɗinsu. Wannan ya zo ne makonni kaɗan bayan an sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari ta 2025, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 20 ga masu shirya irin wannan tsari. Takardar CAC da ke jikin bango kuwa, wadda ta kwantar mini da hankali, shaida ce kawai cewa an yi rajistar suna. Izinin karɓar jarin jama'a a juya yana hannun hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ne, kuma ban taɓa tambayar kowa wannan takardar ba.

Ga abin da ambulan ya nuna. Na zuba dubu 200. Na karɓi dubu 40 sau bakwai, dubu 280 ke nan. Na karɓi la'adar dubu 30 a kan Goggo. Jimilla dubu 310 ta shigo hannuna, wato na fita da rarar dubu 110. Goggo ta zuba dubu 300, ta karɓi dubu 60, ta yi asarar dubu 240. Tunda babu riɗi, babu kwantena, babu wani Bature da ya sayi zoɓo, to rarar nan tawa ba daga sama ta faɗo ba. Dubu 40 da na karɓa a Satumba da wadda na karɓa a Oktoba, har da la'adar, sun fito ne daga tukunyar da kuɗin san Goggo suka shiga. Na yi shekara ina karɓar jaje a kan asarar da ban yi ba, ina gaishe da matar da na ci kuɗinta, tana sa mini albarka.

A shari'ar Madoff, kotu ta naɗa wani lauya, Irving Picard, ya tattaro abin da za a iya tattarowa, kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi shi ne irin na ambulan ɗina: nawa ka zuba, nawa ka cire. Wanda ya cire fiye da abin da ya zuba, ko da bai san damfara ake yi ba, an bi shi ya dawo da rarar domin a biya waɗanda ba su kai ga cire nasu ba. A 2010 matar wani attajiri mai suna Jeffry Picower ita kaɗai ta mayar da dala biliyan 7.2 daga dukiyar da mijinta ya bari, kuma a jimlace an ƙwato sama da dala biliyan 14. A garinmu babu wanda ya bi kowa. Waɗanda suka shiga da wuri suka fita da wuri har yau ana ce musu masu wayo, wasu ma suna jiran wani sabon ya buɗe su sake shiga da wuri, kuma sun san sarai kuɗin wa za su ci.

Na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ina fatan ya ce tunda ban sani ba babu komai. Ya ce rashin sani yana ɗauke zunubi, amma ba ya mayar da dukiyar wani ta zama tawa. Ya ce in riƙe daidai abin da na zuba, rarar kuma in mayar wa masu ita idan na san su, idan ban san su ba in yi sadaka da ita da niyyar ladan ya je musu. Na ce masu ita suna da yawa, ban san wanda kuɗinsa ya faɗo hannuna ba. Ya dube ni ya ce, "Amma ka san wadda ka kai da ƙafarka."

Wata biyar na yi ina cirewa daga albashi kafin dubu 110 ta haɗu. Lokacin an riga an yi bikin autar Goggo da gado da katifa, ba kujeru, kuma ba ta taɓa ce mini uffan a kan kuɗin ba, wanda da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na same ta da yamma tana murza ƙuli a tsakar gida, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kuɗin a gefen tabarma, na faɗa mata komai har da zancen la'ada. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta goge hannu a zaninta, ta ƙirga kuɗin a hankali kamar yadda muka ƙirga na farko, ta ware dubu 50 gefe guda. Ta ce, "Babana, ai ni ma da na karɓi ta watan nan na faɗa wa maƙwabciyata mai koko, ta sayar da awakinta biyu ta kai. Ita ko sau ɗaya ba ta karɓa ba." Ta ƙwala wa jikanta kira, ta ce ya leƙa gidan ya ce tana son ganinta kafin magariba.